Abin da ke sa itacen tuffa ya cika bana, ya yi fashi baɗi

Akwai wata ɗabi'a ta itacen tuffa da ta daɗe tana ci wa masu lambu tuwo a ƙwarya. Bana sai ya yi 'ya'ya har rassansa su sunkuya, sai an tokare su da sanda don kada su karye, amma 'ya'yan ƙanana ne, launinsu bai fito ba, zaƙinsu bai kai ba. Baɗi kuwa ga itace nan kore shar, ganye kamar me, fure kuwa sai ka duba da kyau kafin ka ga ɗaya nan ɗaya can. A shekara ta uku ya sake cika. Ba ruwa ya rasa ba, ba taki ba, ba kuma cuta ce ta kama shi ba. Irin Fuji da Honeycrisp sun yi ƙaurin suna a wannan hali, Gala kuwa ba ta cika yin sa ba, ko da an dasa su a ƙasa ɗaya ana yi musu hidima ɗaya.

Bayanin da ya fi saurin zuwa baki shi ne itacen ya gaji, ya ƙarar da abincinsa wajen raino, don haka yana hutawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, za mu kuma dawo kansa. Sai dai gajiya kaɗai ba ta warware zancen ba, kuma abin da ya nuna haka wani gwaji ne mai sauƙi da masu bincike biyu, Chan da Cain, suka buga sakamakonsa a Amurka a 1967. Sun yi aiki da wani irin tuffa da ake kira Spencer Seedless, wanda yake iya yin 'ya'ya ba tare da ƙwaya a cikinsu ba. In aka bar shi haka, yana fure kowace shekara komai yawan 'ya'yan da ya ɗauka. Da suka yi wa furanninsa barbara da hannu har 'ya'yan suka yi ƙwaya, sai furen shekara mai zuwa ya ragu ƙwarai a wuraren da 'ya'yan suka zauna. Nauyin da itacen ya ɗauka kusan ɗaya ne, sukarin da 'ya'yan suka sha kusan ɗaya ne. Abin da ya canza shi ne ƙwaya. Ashe ɗan abin nan baƙi da muke tofarwa shi ne mai faɗa a ji.

Kafin a gane yadda ƙwaya ke hana fure, dole a san lokacin da itacen yake yanke shawarar yin furen, domin nan ne mutane da yawa suke kuskure. Furen da ka gani ya buɗe a watan Afrilu ko Mayu a Turai ko Amurka ko arewacin Sin, ba a wannan shekarar aka ƙulla shi ba. An ƙulla shi tun bara, cikin makonnin da suka biyo bayan furen bara. Ɗauki reshen tuffa mai shekara biyu ko uku ka duba. Za ka ga wasu 'yan gajerun rassa masu kaushi, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba, a kansu ne yawancin 'ya'ya suke zama. A daidai gindin wurin da ɗan tuffa yake rataye akwai wani ɗan kumburi, a gefensa kuma ga wani ɗan toho kewaye da 'yan ganyaye. Wannan tohon shi ne baɗi. Yana nan yana jera ƙananan ɓawo da ganyaye a cikinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma sai ya tara gaɓoɓi kimanin 16 zuwa 20, gwargwadon irin tuffar, kafin kansa ya faɗaɗa ya fara siffar fure. In ya yi saurin tarawa kafin lokaci ya ƙure, ya zama tohon fure, mai ƙiba da zagaye. In aka rage masa gudu, ya tsaya a tohon ganye, siriri mai tsini. Nisan da ke tsakaninsa da ɗan tuffar da ke girma bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba, a cikin ɗan tuffar kuma akwai ɗakuna biyar, kowanne yana iya ɗaukar ƙwaya biyu.

Waɗannan ƙwayoyi, a lokacin da suke ɗanye, ma'aikata ce ta wani sinadari da ake kira jibarelin. Yana cikin sinadaran da tsiro yake haɗawa da kansa don aika saƙo daga wani sashe zuwa wani, irin su ne ake kira homon. Labarin gano shi ma abin sha'awa ne. Manoman shinkafa a Japan sun daɗe da sanin wata cuta da ke sa shuka ta yi tsawo fiye da kima, ta yi rauni, ta faɗi ba ta yi zangarniya ba, har suka sa mata suna mai ma'anar wawan tsiro. A 1926 Eiichi Kurosawa, yana aiki a Taiwan, ya nuna cewa wani abu ne da naman gwarin cutar ke fitarwa yake jawo tsawon, a 1935 kuma Teijiro Yabuta ya raɗa wa abin suna jibarelin. Daga baya aka gane cewa tsirrai da kansu suna yin sa. Aikinsa na asali miƙa gaɓa ne, ya ce wa reshe yi tsawo, yi ganye. A wasu tsirrai kamar kabeji yana ingiza fure, amma a tuffa da yawancin itatuwan 'ya'ya akasin haka yake yi. Luckwill, wani masani a tashar bincike ta Long Ashton a Ingila, shi ne ya fi tsayawa a kan cewa jibarelin ɗin ƙwaya, wanda yake ƙaruwa sosai 'yan makonni bayan fure, yana isa ga tohon da ke kusa ya hana shi zama fure. Lokacin ya zo daidai, domin a makonnin nan ne tohon yake tsaka da zaɓar hanyarsa.

Zancen bai tsaya a nan ba, don jibarelin ba guda ɗaya ba ne. An san fiye da iri 100, ana kiransu da lamba. A ƙwayar tuffa biyu ne suka fi yawa, GA4 da GA7, kuma duk da kamanninsu a gini, GA7 yana hana fure da ƙarfi, GA4 kuwa hanawarsa kaɗan ce, a wasu gwaje-gwajen ma ƙara furen ya yi. Sannan da aka bi sawun jibarelin mai alama daga ƙwaya, ɗan kaɗan ne aka samu ya isa tohon. Wannan ya sa Fritz Bangerth na jami'ar Hohenheim a Jamus ya kawo wata fassara: jibarelin ɗin yana zaune a cikin ɗan tuffa, amma yana sa shi ya riƙa turo wani homon ɗin, oksin, ta cikin ɗan sandan da yake rataye da shi, oksin ɗin ne ɗan aiken da ke kai saƙon hani. Ni dai a ganina fassarorin biyu ba kishiyoyi ba ne sosai, ko ta wace hanya saƙon ya bi, daga ƙwaya ya taso.

Oksin ɗin nan shi ne dattijon homon ɗin tsiro. Tun 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka lura cewa kan ɗan tsiron ciyawa ne yake jin haske, ya aika wani abu ƙasa da ke sa shi lanƙwasa, a ƙarshen shekarun 1920 kuma Frits Went a Holan ya tsamo abin a cikin ɗan dunƙulen agar, wani abu mai daskarewa kamar jeli. Ana yin sa a kan reshe mai girma da cikin ƙwaya, yana kuma gangarowa ƙasa, hanya ɗaya. Muddin kan reshe yana turo shi, tohon da ke ƙasa da shi suna zaune shiru. Abokin jayayyarsa shi ne saitokainin, wanda Folke Skoog da Carlos Miller suka fara gano irinsa a Wiskonsin ta Amurka a 1955. Shi yawancinsa daga saiwa yake hawowa tare da ruwa, yana ingiza rabuwar ƙwayoyin halitta, yana tada toho, a tuffa kuma yana goyon bayan fure. Saboda haka tohon nan da ke gefen ɗan tuffa yana tsakanin masu ja biyu: daga ƙwaya da kan reshe ana ce masa dakata, daga saiwa da ganyayen da ke kewaye da shi ana ce masa ci gaba. Babu wani homon guda da za a ce shi ne na fure, rinjaye ne kawai. A nan ne kuma maganar gajiya take dawowa, domin ganyayen nan su ne ke ba tohon sukari, kuma in aka tsige su tun da wuri, ko babu ɗan tuffa a wurin, furen ba ya ƙulluwa.

Masana gado sun ƙara haske a 'yan shekarun nan. Tun 1936 Mikhail Chailakhyan na Rasha ya yi hasashen cewa ganye yana aika wani saƙon fure, aka yi ta nema shekaru saba'in, sai wajen 2007 aka tabbatar cewa wani furotin ne da ake kira FT. Yana da ɗan'uwa mai suna TFL1 wanda aikinsa hana fure. A tuffa, jibarelin yana ƙara ƙarfin TFL1, kuma da masu bincike a Japan suka kashe muryar wannan ƙwayar gado, sai dashen tuffa ya yi fure cikin watanni, alhali itacen da ya fito daga ƙwaya yakan yi shekaru biyar zuwa goma kafin ya fara.

To, in ƙwaya ce matsalar, maganin a fili yake: a rage 'ya'ya, kuma a rage su da wuri. Itacen tuffa yana fure fiye da buƙatarsa nesa ba kusa ba. Kowane toho yana buɗewa da furanni biyar ko shida, na tsakiya shi ke fara buɗewa, shi ake kira sarkin fure, kuma kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na furannin sun isa su ba da cikakken amfani. Itacen da kansa yana zubar da wasu, abin da a arewacin duniya ake kira zubar watan Yuni, amma ba ya zubar da isassu. Yadda zubar take faruwa ma oksin ne. Ɗan tuffar da ya riga sauran, mai ƙwaya da yawa, yana turo oksin da ƙarfi har ya toshe wa ƙannensa hanya. Wanda oksin ɗinsa ya yi rauni, sai wani siririn layi a gindin sandansa ya fara jin etilin, iskar nan da tsiro ke fitarwa, ƙwayoyin halittar wurin su saki juna, ɗan ya faɗi.

Mai lambu yana iya bi da hannu ya tsittsinke, kuma ana yi. Matsalar ita ce kafin a gama bin dubban itatuwa, wata guda da ya fi muhimmanci bayan fure ya wuce. Ragin da aka yi a makare yana ƙara girman 'ya'yan bana, amma tohon baɗi ya riga ya karɓi saƙo. Wannan ne ya sa aka koma ga feshi, kuma a nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Sinadarin da aka fi daɗewa ana amfani da shi, NAA, oksin ne na haɗi. A 1939 masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka, Gardner da Marth da Batjer, suka nuna cewa in aka fesa irinsa dab da girbi, yana hana nunannun tuffa faɗuwa. Shi ɗin dai, in aka fesa shi lokacin da 'ya'yan suke kamar milimita 10 zuwa 12, zubar da su yake yi. A makon girbi yana cike gurbin oksin ɗin da tsohuwar ƙwaya ta daina turowa. Lokacin da 'ya'yan suke ƙanana kuwa yana rikita tafiyar oksin ɗin, ya tada etilin, ya rage aikin ganye na ɗan lokaci, raunanan 'ya'ya su rasa abinci su faɗi. Sinadari ɗaya, itace ɗaya, bambancin kwanan wata ne kawai. Yawan da ake sawa kuma kashi goma ne cikin miliyan ko kusa da haka, wato giram goma a lita dubu ta ruwa.

Akwai wasu. BA saitokainin ne na haɗi, yana rage 'ya'ya yana kuma ƙara girman waɗanda suka rage, domin yana ingiza rabuwar ƙwayoyin halitta a cikinsu. Kabaril maganin ƙwari ne da aka tarar yana zubar da 'ya'yan tuffa, an daɗe ana haɗa shi da sauran, amma yana kashe ƙudan zuma, kuma Tarayyar Turai ta janye izininsa. Metamitiron asalinsa maganin ciyawa ne, yana dushe aikin ganye na 'yan kwanaki kamar an yi wa itacen inuwa. Etifon kuwa da ya shiga jikin tsiro sai ya saki etilin, ana kuma fesa shi kaɗan-kaɗan bayan an gama ragi don ƙara furen baɗi.

Duk wanda ya san aikin zai gaya maka cewa abin da ke rubuce a jikin kwalba rabin labari ne. Feshin da ya yi daidai a wannan makon yana iya kwashe kusan dukkan 'ya'yan a mako mai zuwa, dalilin kuwa yanayi. In aka yi kwanaki ana hadari rana ba ta fito sosai ba, dare kuma da ɗumi, itacen yana ƙona sukari fiye da yadda yake haɗawa, 'ya'yan suna cikin yunwa, ɗan feshi kaɗan ya ishe su su zube. In rana tana haske dare yana sanyi, itacen a ƙoshe yake, feshin ya wuce kamar ba a yi ba. Alan Lakso da Terence Robinson na jami'ar Cornell sun gina wani lissafi na kwamfuta da ke auna wannan rarar ko giɓin sukari daga bayanan yanayi, masu lambu suna dubawa kafin su ɗaga ko su rage yawan magani. Ka ga ashe masu cewa gajiya ce da masu cewa homon ne duk a tukunya ɗaya suke ci.

Wata hanyar kuma ita ce a rage jibarelin ɗin daga tushe. Akwai magunguna masu toshe haɗa shi a jikin itace, rassa su daina miƙewa, haske ya shiga ciki. Daminozaid, wanda aka sani da suna Alar, ya yi tashe a Amurka tun shekarun 1960, har zuwa 1989 da aka yi babbar hayaniya a kan haɗarin cutar daji daga abin da yake rikiɗewa ya zama, aka daina amfani da shi a kan kayan abinci. Fakulobutirazol yana da ƙarfi sosai kuma yana ƙara fure, illarsa yana daɗewa a ƙasa, tasirinsa ya bi itace har shekara ta gaba. Wanda aka fi amfani da shi yanzu shi ne furoheksadiyon, ana sayar da shi da sunan Apogee ko Regalis, ba ya daɗewa, yana kuma rage kamuwar sabbin rassa da cutar ƙuna ta tuffa. Da hankali kaɗai za a bi, sai a ce tunda yana rage jibarelin dole ya ƙara fure. Amma ba ya cika yin haka, domin yana sa 'ya'ya su ƙara kamawa, ƙarin 'ya'ya kuwa ƙarin ƙwaya ne. An toshe ƙofa ɗaya, saƙon ya shigo ta taga. Har an gwada juya dabarar, a fesa jibarelin da gangan a shekarar fashi don rage furen shekarar cika, a daidaita su biyun.

Tun kafin a san sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, masu lambu suna sarrafa su da hannu. Reshen da ya miƙe tsaye yana turo oksin da ƙarfi, ya yi ta ganye. In aka lanƙwaso shi aka ɗaure ya kwanta, gudunsa ya ragu, tohon da ke jikinsa su farka, da yawansu su zama na fure. Tsaga ɓawon kututture a zagaye bayan fure yana tare sukari a sama na ɗan lokaci, shi ma yana ƙara fure. Datse rassa da yawa a lokacin sanyi da zuba takin naitirojin fiye da kima kuwa akasin haka suke yi, itace ya mayar da martani da dogayen rassa masu cike da jibarelin. Mafi girman tasiri shi ne gindin da aka yi wa aure. Gindin M9, wanda aka samo a Faransa a 1879, aka kuma tantance shi a tashar East Malling ta Ingila ƙarƙashin Ronald Hatton, yana rage tafiyar oksin zuwa saiwa, ya canza abin da saiwar ke turowa sama. Sakamakon shi ne itace gajere da ke fara 'ya'ya a shekara ta biyu ko ta uku. Yawancin lambunan zamani masu itatuwa dubu biyu zuwa uku a hekta ɗaya a kan wannan gindi ko makamantansa suke tsaye.

Ko da tohon ya ƙullu lafiya, saura mataki ɗaya. Da sanyi ya gabato sai ya shiga barci mai nauyi, wanda homon ɗin absisik yake da hannu wajen riƙe shi, kuma ba ya farkawa daidai sai ya tara sa'o'in sanyi. Yawancin irin tuffa suna buƙatar sa'o'i 800 zuwa sama da 1,000 a yanayin da bai wuce digiri 7 ba, gadon kakansu na duwatsun Kazakistan. Irin Anna da aka samar a Isra'ila 200 zuwa 300 sun ishe shi. Inda sanyin bai kai ba, kamar kudancin Barazil da wasu sassan Afirka ta Kudu, furen yakan fito a warwatse, wani reshe ya buɗe wani yana barci, sai an fesa man ma'adinai ko sinadarin sayanamaid don tada su tare. Manoman Batu a gabashin tsibirin Java na Indonesiya kuwa wata dabara suka bi. Ba su da hunturun da zai ishi tuffa, don haka ba sa barin tohon ya kai ga barcin mai nauyi. 'Yan makonni bayan girbi, lokacin da tohon fure ya riga ya ƙullu, sai su tsige ganyen itacen gaba ɗaya, su lanƙwasa rassan su ɗaure. Da ganyen da ke riƙe da tohon ya tafi, cikin makonni kaɗan itacen ya yi fure, kuma da haka suke girbe tuffa sau biyu a shekara.